Inda Tawadar Salome Ke Ƙarewa

Ranar Talata da hantsi ɗan saƙon majalisa ya buga ƙofar gidan Kantor, wato shugaban mawaƙan coci. Ko hula bai cire ba, ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji: an kai ƙara cewa ana jin waƙa tana fitowa daga gidan nan, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, alhali ƙasa tana cikin makoki. Majalisar gari tana son ganin Kantor Melchior Dressel ranar Juma'a da safe.

Salome, matar Kantor, ita ta buɗe ƙofar, ita kuma ta rufe ta a fuskarsa. Ta tsaya a bayan ƙyaure, hannunta a kan makullin da ke rataye a wuyanta, zuciyarta tana tafasa.

Tun da sarkin ƙasarmu ya rasu bayan girbi aka sa dokar. Wata shida ba kaɗa ogan, babban abin kiɗan nan mai bututu, a coci, ba goge a gidan biki, ba ko fito a kan hanya. In ban da zaburar da jama'a ke rerawa ranar Lahadi da baki zalla, ba a yarda wata murya ta tashi ba. Talaka in ya karya, tsawa za a yi masa ya koma gida. Amma wanda ke cin abincin coci da na majalisa, kora ce kai tsaye. Gidan da Salome ke ciki kuwa, da ɗakin girkinsa da itacen tuffar da ta dasa a bayansa da hannunta, na coci ne. Ranar da Melchior ya daina zama shugaban mawaƙan garin Ilmrode, ranar za su kwashe komatsansu su fita, ga sanyi ya kawo kai, ga tsufa.

Abin da ya fi ƙona mata rai, duk garin babu gidan da ya kiyaye dokar nan kamar nata. Ranar da aka buga ƙararrawar mutuwa, da kanta ta bi ɗaki-ɗaki ta tattara goge da sarewa da ƙaho ta zuba a babban kabad ta kulle. Ƙaramin abin kiɗan mijinta mai madannai, wanda yake gwada waƙa a kansa, ta cusa masa tsumma a cikin tsirkiyoyi ta ɗaure murfin da igiya. Har tsuntsun kejinta ta aika ƙauye wurin ƙanwarta, don shi ba ya jin doka. To wace waƙa kuma? Ƙarya ce wani ya zauna ya kitsa, kuma ta sha alwashin sai ta gano shi kafin Juma'a.

Ta hau bene ta sami Melchior a teburinsa. Doka ta hana sauti ne, ba ta hana rubutu ba, kuma majalisar da kanta ta sa shi tsara babbar waƙar kukan sarki, wadda za a yi ranar da za a sauke makoki. Shi yake rubuta uwar waƙar, ita kuma kowace la'asar ta zauna a ƙaramin ɗakinta ta gefe ta kwafe wa kowane mawaƙi da makaɗi rabonsa. Haka suke yi tun shekarar aurensu.

"Maigida, ka ji abin da wannan mara kunyar ya zo ya faɗa?"

"Na ji," in ji shi, bai ɗago ba. "Juma'a ai ba nisa. Za mu je."

"Za mu je? Shi ke nan abin da za ka ce? Ba ka ko tambayi wanda ya kai ƙarar ba."

"In na san shi, me zan yi masa?"

Salome ta tsaya tana kallon ƙeyarsa. Wannan fa shi ne mutumin da ya taɓa yin mako guda bai gaishe da fasto ba don ya yi tari a tsakiyar waƙarsa. Mutumin da ɗalibai ke tahowa tun daga biranen bakin teku su kwana a kan benci don su koya a wurinsa, wanda ake kwafar waƙoƙinsa daga hannu zuwa hannu har garuruwan da bai taɓa takawa ba. Duk inda aka zauna hirar waƙa sai an yi maganar abin da ake kira numfashin Dressel, wato yadda waƙarsa takan tafi ta tafi, sai ta tsaya cak a inda ba ka zata ba, ta bar ka rataye da zuciyarka a hannu, sannan ta ci gaba. Ya san darajarsa, kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba. Yau an yi masa ƙazafi a bainar jama'a, ga shi zaune lakwas. Nan ne zargi ya fara shiga ranta, kuma ta ji tsoro.

Wanda ta fara sa wa ido shi ne Valentin, mataimakin Melchior, wanda ke cin abincin rana a gidan. Yana shirin aure, ba shi da gida, kuma kowa ya san in kujerar Kantor ta zama ba kowa shi za a fara dubawa. Ta zuba masa miyar kabeji, ta yanka masa tsiran alade fiye da yadda ta saba, ta zauna daidai gabansa.

"Valentin, amaryar taka ta taɓa ganin itacen tuffata?"

"Ta gani, Uwargida. Ta ce yana da kyau."

"Ai kuwa. Ɗakin girkin ma da faɗi. Ko ka auna mata tagogi don labule?"

Cokali ya tsaya masa a hanya. "Haba Uwargida. Ni da nake cin abincinki?"

"Ba a kanka aka fara ci ana ɓata kwano ba. Amsa mini abu ɗaya. Kullum da la'asar kana gidan nan. Ka taɓa jin waƙa?"

Maimakon ya ce a'a kamar kowane mai gaskiya, sai ya juya ya dubi Melchior. Melchior ya ɗan girgiza kai, kaɗan ƙwarai, amma idon Salome ya kama. Valentin ya sunkuya cikin kwanonsa ya ce shi dai kunnensa yana kan aikinsa.

Abincin ya fita ranta. Ashe ba mutum ɗaya ba ne, su biyu ne, kuma ɗayan mijinta ne.

Washegari, da Melchior da Valentin suka fita makarantar cocin da suke koyarwa, ta buɗe kabad. Ƙurar da ke kan goge tana nan ba wanda ya taɓa. Igiyar da ta ɗaure abin kiɗan da ita, ƙullinta ne ba na wani ba. To lallai akwai wani abin busa da aka ɓoye mata. Ta shiga ɗakin Melchior ta ɗaga katifa, ta zare akwatuna, ta tura hannu har cikin takalman sanyinsa. Ba ta sami komai ba sai abu ɗaya da ta daɗe tana gani ba ta kula ba. Teburinsa ba a gaban taga yake ba, inda kowane mai hankali zai ajiye teburin rubutu. Yana manne da bangon katako da ya raba ɗakinsa da nata. Daidai inda kansa yake zama, akwai wani ɗan rami a jikin katakon, gefensa ya yi sumul don daɗewa.

Ta leƙa. Ga kujerarta, ga kurtun tawadarta, ga tagarta a buɗe. Leƙenta yake yi? Ita da ta bar waƙa a fadar sarki a lokacin da muryarta ke tashe, ta aure shi, ta zo garin da ba a barin mace ta yi waƙa a coci, ta rufe bakinta ruf ba ta taɓa yi masa gori ba? Ko kuwa yana duba ko ta dulmuya cikin aiki ne, don ya ciro abin busarsa ya yi abin da yake so?

Tana saukowa ta ji sun dawo, suna magana ƙasa-ƙasa a zaure. Ta tsaya a kan matakala.

"Malam, korarka za su yi fa," Valentin ke faɗa. "Ka bari a gaya mata."

"In ka buɗe baki, kada ka ƙara tako gidan nan. Zan ce ni ne. Zan ce ina da sarewa a ɓoye, magana ta ƙare."

Salome ta koma sama a hankali ta zauna a bakin gado. Ta kasa gane kan zancen. In shi ne, me ya sa zai ce "zan ce ni ne"? In ba shi ba ne, wa yake karewa har da zai jefa su kan titi dominsa? Ta bi matan garin ɗaya bayan ɗaya a ranta, har da waɗanda suka girme ta, kuma ba wadda ta wanke. Da la'asar ta zauna kwafi kamar kullum, don aiki ba ya jiran ɓacin rai, amma sai da ta cusa tsumma a ramin nan.

Ranar Alhamis labari ya iso mata a bakin rijiya: shaidar da majalisa za ta kira ita ce Kunigunda, matar mai burodi, wadda bayan shagonta ke kallon tagar Salome. Ta ajiye tulun a nan ta nufi shagon. Ta jira mai saye na ƙarshe ya fita, sannan ta tura ƙofa da ƙafa.

"Sannu da aiki, maƙwabciya. Na ji kin sami sabuwar sana'a. Burodin ne ya daina ciyar da ku?"

Kunigunda ta goge hannu a jikin zanen aikinta. Mace ce mai jiki, ba ta da saurin fushi. "Na san za ki zo. Zauna, matar Kantor."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ni na karɓi haihuwar 'yarki ta fari. Me na yi miki?"

"Ni ban kai ƙarar kowa ba. Wani mutumin fada ne ya shigo sayen burodi, ya ji da kunnensa. Ya ce mini, kin ji ko ba ki ji ba? Zan ce ban ji ba ne, abu yana shigowa ta taga kamar ƙanshin miya? Ya ce muryar wa ce, na ce ban sani ba. Iyakar ƙaryar da zan iya yi miki ke nan, kuma na yi."

"Wace ƙarya? Wa kike rufa wa asiri? Wace ce take shigar mini gida?"

Kunigunda ta dube ta tsawon lokaci, irin kallon da ake yi wa mara lafiyar da bai san yana ciwo ba. "Da gaske kike ba ki sani ba?"

"In kin ji waƙa, yi mini ita in ji."

"So kike a haɗa da ni a gaban majalisa?" Amma ta leƙa waje, ta ja hannun Salome zuwa can ciki bakin tanda, inda ƙarar wuta ke rufe magana. Ta matso kusa da kunnenta ta fara rerawa a maƙogwaro, ba kalmomi.

Muryar Kunigunda ba ta waƙa ba ce, amma Salome ta gane abin tun daga farkonsa. Rabon babbar murya ne a waƙar kukan sarki, wadda ba a taɓa yi a ko'ina ba, wadda duk duniya mutum biyu ne suka taɓa ganinta a takarda. Kunigunda ta tafi da ita, sai ta tsaya. Ta ci gaba, ta sake tsayawa. A takardar Melchior babu hutu a wuraren nan, Salome ta sani, don ita ta kwafe ta. A tsayawa ta uku sai ta ga hannunta na dama ya tashi da kansa, yatsu uku a haɗe, ya tafi gefe ya sauka cikin iska, daidai inda kurtun tawada yake zama a teburinta.

Ta tsaya tana kallon hannun kamar na wani.

"Kin gani?" in ji Kunigunda a hankali. "In kin tsaya, mun san alƙalami ya bushe. Duk layin nan ya sani. Mijina da waƙarki yake sanin lokacin sa burodin yamma. Tun 'yata tana goye kike yi, ga ta yanzu da nata goyon."

"Ban taɓa ba," in ji Salome, amma muryar ba ta da ƙarfi. "Ni na bar waƙa."

"Ke kin bar ta. Ita dai ba ta ji saƙon ba."

"Kuma ba wanda ya gaya mini?"

"Kantor ya bi gida-gida tun da daɗewa ya roƙe mu. Ya ce in kin sani za ki daina."

Salome ta fita ba sallama. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ta tuna yadda ta mari wani ɗalibi a makon farko na makoki don ya yi fito a zaurenta, da yadda yaron ya dube ta baki buɗe. Ta tuna tsuntsun da ta kora ƙauye. Ta koma gida ta tarar da Melchior. Ta dafa abinci, suka ci kamar baƙi biyu a masauki.

Ranar Juma'a ya ce ta zauna a gida. Ta bar shi ya yi gaba, ta ɗauki mayafinta ta bi bayansa, takardun kwafinta a ƙarƙashin hammata.

Zauren majalisa ya cika. Magajin gari yana tsakiya da baƙar rigar makoki, fasto a damansa, mutumin fadan da ya kai ƙarar a hagunsa yana kallon kowa kamar ɓarawo. Kunigunda ta faɗi abin da ta faɗa a da. Melchior ya miƙe ya ce shi ne, yana da ƙaramar sarewa, ya kasa haƙuri ya gwada waƙarsa da ita.

"Sarewa?" in ji mutumin fada. "Abin da na ji ya fi kama da murya."

"Ranka ya daɗe, in ni na busa sarewa, kama da murya take yi," in ji Melchior. Ko a bakin rami bai bar girman kai ba.

Magajin gari ya ja numfashi, ya fara jawabin da kowa ya san inda zai ƙare. Sai Salome ta miƙe daga bencin baya.

"Ranka ya daɗe, ƙarya yake yi. Ba shi da sarewa, na bincike ɗakinsa har cikin takalma. Ni ce."

Melchior ya juyo, fuskarsa ta canza.

Mutumin fada ya yi murmushi. "Na zata za a yi haka. In miji ne, kora. In mata ce, tsawa. Wace mace ce ba za ta miƙe ta ce ita ce ba? A gida kuka shirya, ko a hanya?"

"Ba mu shirya ba. Ni ma jiya na sani."

Dariya ta tashi a bayan zaure. Magajin gari ya buga tebur. "Matar Kantor, kina nufin kina waƙar da ake ji har shagon burodi, ke ba kya ji?"

"In ina kwafi ne, ranka ya daɗe. Ido yana ganin waƙar, hannu yana rubutawa, ashe baki ma yana nasa aikin."

Ta ga ba wanda ya yarda. Zargin da ta kwana uku tana raba wa mutane, ga shi an juyo mata da shi gaba ɗaya, kuma ta ji ɗacinsa. Ta ajiye takardunta a teburin magatakarda ta ce a ba ta alƙalami da tawada su gani da idonsu.

Aka ba ta. Ta zauna, ta gyara bakin alƙalamin, ta fara kwafi. Zaure duka ya zuba mata ido. Ta cika layi, ta cika na biyu. Ba abin da ake ji sai ƙarar alƙalami a kan takarda. Tana jin harshenta a bakinta kamar guntun katako. Duk lokacin da ta ce bari ta saki murya, sai muryar ta ƙi fitowa, don yanzu tana sauraren kanta. Gidan yana zamewa daga hannunta tana gani.

"To, mun gani," in ji mutumin fada.

Sai fasto ya yi gyaran murya ya ce shi akwai abin da ya dame shi: in da matar ta yi waƙar, ai majalisa ce ta sa a karya dokar makoki a cikin zaurenta. Magajin gari ya ce shi bai umarci kowa da waƙa ba, rubutu ya yarda a yi. Mutumin fada ya ce wannan wasa da hankali ne. Wani ɗan majalisa mai sayar da fata ya ce a zamanin makokin tsohon sarki ba haka aka yi ba, wani ya ce ƙarya yake, lokacin ko wando bai fara sawa ba. Mutanen garinmu in gardamar doka ta tashi, ko gobara ba ta raba su. Nan da nan kowa ya juya wa teburin magatakarda baya.

Salome ta yanke ƙauna. Amma shafin yana gabanta rabi, kuma ba ta taɓa barin shafi rabi ba a rayuwarta. Ta sunkuya ta ci gaba, ranta yana can wurin itacen tuffa, tana tunanin ko zai yarda a cire shi a dasa a wani wuri yana da waɗannan shekaru. Ta zo inda waƙar ke hawa, inda talakawa ke tambayar wa zai tsaya musu yanzu.

Mai sayar da fata ne ya fara yin shiru. Sai na kusa da shi. Muryar tana tashi daga teburin magatakarda, siririya, ta tsufa kaɗan a gefe-gefe amma tsaf take, kamar ruwan rijiya da safe. Ta hau, ta hau, sai ta tsaya. Hannu ya tafi kurtu, alƙalami ya ɗan taɓa bakinsa, ya dawo. Muryar ta ɗauka daga inda ta bari. Ba wanda ya motsa. Fasto, da ya kamata ya hana, ya rufe ido. A can baya Kunigunda tana share hawaye da zanen aikinta.

Salome ta kai ƙarshen shafi, ta ɗago don ta nemi yashin busar da tawada, ta ga zaure duka yana kallonta. Melchior kaɗai ba ita yake kallo ba. Ya ciro guntun takarda daga aljihu yana ɗiga alama da sauri.

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Kantor ba shi da laifin waƙa, ƙaryar da ya yi wa majalisa kuma an bar shi da fasto. Matar Kantor an yi mata tsawa, an hana ta taɓa alƙalami har a sauke makoki. Valentin zai ƙarasa kwafin. Gida ya tsira.

Sai da ita da Melchior suka shiga zauren gidansu ta rufe ƙofa, sannan ta juyo gare shi.

"Me kake ɗigawa a takardar nan?"

Ya miƙa mata. Alamomin hutu ne, a daidai wuraren da ta tsoma alƙalami.

"Ni mutumin ogan ne, Salome," in ji shi. "Ogan ba ya numfashi. In na rubuta waƙa, tafiya take yi ba tsayawa, ban san inda ɗan Adam ke bukatar ya huta ba. Sai in ba ki, in zauna a bayan bango in ji inda kika tsaya, in koma in sa a uwar waƙar, in bi rabon kowa in ɗiga kafin a raba."

"Numfashin Dressel," in ji ta. "Mutane suna tahowa daga bakin teku su koyi inda tawadata ke ƙarewa."

"Ba ƙarewa take yi ba. Na sha ganin kin ja alƙalami ya bushe ƙayau don ki kai wani wuri, na sha ganin kin tsoma shi yana jiƙe. Ke kike zaɓa."

"Kuma ka zaɓi a kore mu da ka gaya mini."

"Gida ana samun wani."

"Kai kake samun wani. Ni na dasa itace." Muryarta ta karye. Ta ji haushinsa har cikin ƙashi, ta kuma ji wani abu mai kama da daɗi wanda ba ta so ta ji ba. "Shekara da shekaru kana ci a bakina, Maigida, ko sau ɗaya ba ka ce an gode ba."

"In na ce, da kin daina."

A nan kam ya yi gaskiya. Aka sauke makoki, aka yi waƙar kukan sarki, coci ta cika har waje. Wanda duk ya taɓa jin ta ya san rabinta na farko yana numfashi, na ƙarshe kuwa, wanda Valentin ya kwafe, gudu yake ba tsayawa har mawaƙa su kusa shiɗewa. Ana yabon hakan har yau, wai kuka ne ya ci ƙarfin mai yi.

Ranar Litinin da ta biyo baya Melchior ya ajiye mata sabuwar waƙa a tebur ya koma ɗakinsa. Ta ga an zare tsumman da ta cusa a ramin. Ta ji kujerarsa ta yi ƙara a bayan katako, ta san ya zauna, ta san jira yake. A ƙetaren taga Kunigunda ta buɗe ƙofar bayan shago ta tsaya da faranti a hannu.

Salome ta fara kwafi. Waƙar tana tafiya a cikin kanta, kyakkyawa, tana jin kowane hawa da sauka. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta sake gwadawa, sai iska. Yanzu da ta san ana saurare, ita ce ta farkon masu sauraren, kuma abin ya tafi. Kunigunda ta gaji da tsayuwa ta koma ciki. A bayan bango ba motsin alƙalami ko kaɗan.

Ta ci gaba da rubutu, hawaye yana taruwa, tana kawar da kai don kada ya ɗiga a takarda. Ta zo wani wuri inda waƙar ta hau ta ƙi sauka, inda duk mai rai zai so ya tsaya. Alƙalaminta yana jiƙe, bai bukaci komai ba. Ta ɗaga shi, ta kai kurtu, ta ƙwanƙwasa bakinsa sau ɗaya da ƙarfi, yadda zai ratsa katako.

Sannan ta ji alƙalamin Melchior ya taɓa takarda, yana ɗiga hutun.